Abinci da Magani: Tarihin Sankarar Kaluluwa Daga Kamfala Zuwa Kudancin Kano

Gabatarwa

Manufar wannan lacca ita ce bin diddigin wata tambaya da likitoci suka daɗe suna jujjuyawa, watau ko abin da majinyaci yake ci yana da hannu wajen rayuwarsa ko mutuwarsa bayan ya kamu da sankarar kaluluwa. Za a bi tambayar ne ta hanyar tarihi, tun daga lokacin da aka fara gane nau'in cutar da ya fi addabar yaran Afirka har zuwa abin da aka sani yau. Sa'an nan za a auna abin da aka samu da ma'aunin yanki guda, watau ƙasar Ba'awa da ke kudancin Jihar Kano, wadda ta haɗa Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa. An zaɓi wannan yanki ne domin ya tara abubuwa uku waɗanda labarin ya rataya a kansu: ruwan sama da sauro, noman hatsi da gyaɗa, da kuma nisa daga babban asibiti.

Bahaushe ya san kaluluwa tun kaka da kakanni. In mutum ya yi tuntuɓe yatsarsa ta yi ruwa, ko ya sami gyambo a ƙafa, bayan kwana biyu sai ya ji wani ƙululu a matsematsinsa. In kuwa ciwon a hannu yake, sai ƙululun ya fito a hammata. Waɗannan wurare tashoshi ne na wasu fararen ƙwayoyin jini waɗanda aikinsu shi ne tsaron jiki, kamar dai barikin soja a bakin iyaka. Kumburinsu alama ce ta cewa ana fafatawa da wata cuta, kuma da ciwon ya warke sai su saɓe. To, akan sami lokacin da su kansu masu tsaron suke kangarewa, su yi ta hayayyafa ba ƙaƙƙautawa ba tare da wani abokin gaba a gabansu ba. Wannan shi ne ciwon dajin da likitoci ke kira limfoma, wanda a nan za a riƙa kira sankarar kaluluwa. Nau'o'inta sun haura 50. Wani likitan Landan mai suna Thomas Hodgkin ya bayyana ɗaya daga cikinsu tun a 1832. Amma wanda ya fi shafar ƙasar Hausa, musamman yara, sai da aka yi fiye da shekara 120 bayan haka kafin a rubuta shi a littattafan likitanci da sunansa.

Yaron da aka kai Mulago

Denis Burkitt mutumin Ailan ne, an haife shi a 1911. Tun yana yaro ya rasa ido ɗaya a wani faɗan jifa na 'yan makaranta, amma wannan bai hana shi zama likitan tiyata ba. Ya kama aiki a Yuganda a 1946 ƙarƙashin gwamnatin mulkin mallaka. A 1957, a asibitin Mulago da ke Kamfala, wani abokin aikinsa, Hugh Trowell, ya kira shi ya duba wani yaro ɗan shekara 5 wanda muƙamuƙinsa ya kumbura sama da ƙasa, hagu da dama. Burkitt bai san abin da zai kira wannan ciwo ba. Ba da jimawa ba ya sake ganin irinsa a garin Jinja, kuma wannan yaro na biyu yana da ƙari har a cikin cikinsa. Daga nan ya shiga tonon tsofaffin takardun asibiti, ya tarar ashe an sha kawo irin waɗannan yara, sai dai ana rubuta kowanne da suna dabam gwargwadon gaɓar da ciwon ya kama. A 1958 ya buga bayanin yara 38 a wata mujallar likitocin tiyata ta Ingila. Masu binciken tsoka a Kamfala, Gregory O'Conor da Jack Davies, su ne suka tabbatar daga baya cewa ciwon daga dangin sankarar kaluluwa yake.

Akwai abin lura a nan wanda masu ba da wannan labari sukan tsallake. Trowell, wanda ya nuna yaron farko, da Davies, wanda ya tantance tsokar, suna cikin mutum uku da suka wallafa babban littafi a kan cutar kwashoko a 1954. Watau dai an gano wannan sankara ne a hannun mutanen da a zamaninsu ba wanda ya fi su sanin abin da tamowa ke yi wa jikin yaro. Duk da haka sai da aka shafe shekaru masu yawa kafin a tsaya a auna dangantakar da ke tsakanin yunwar yaro da yadda yake ɗaukar maganin cutar. Hankalin masana ya tafi wani wuri dabam, kuma ba za a ga laifinsu ba, domin abin da taswira ta nuna musu ya isa ya ɗauke hankalin kowa.

Kano a taswirar Burkitt

Burkitt ya aika da takardun tambaya zuwa asibitocin gwamnati da na mishan a faɗin Afirka, yana kafa ƙusa a taswira duk inda aka ce an ga ciwon. A 1961 shi da abokansa biyu, Ted Williams da Cliff Nelson, suka shiga wata tsohuwar mota suka yi tafiyar mil 10,000 cikin mako 10, suka ziyarci asibitoci fiye da 50 a gabashi da kudancin Afirka. Abin da suka gano shi ne ciwon ba ya hawa tudu. Inda ƙasa ta yi bisa har sanyi ya kan sauko ƙasa da digiri 15, ba a ganinsa. Da Burkitt ya juyo Afirka ta Yamma sai ya sami sharaɗi na biyu, watau ruwan sama. An shaida masa cewa ciwon ya yawaita a kudancin Nijeriya, amma da wuya a gan shi a Kano da kewayenta duk da cunkoson jama'ar da ke wurin. Daga irin wannan bayani aka yanke cewa inda ruwan shekara bai kai inci 20 ba, cutar ba ta zama.

Wannan hukunci yana da gaskiya a cikinsa, amma game da Kano yana bukatar a sake dubawa. Ruwan da kan sauka a birnin Kano a shekarar da ba a yi fari ba ya kan haura inci 30. In aka gangara kudu, aka wuce Kwanar Ɗangora aka nufi Tudun Wada da dajin Falgore da duwatsun Riruwai, ruwan ya kan kai inci 40 ko ya fi. Ashe ke nan yankin yana cikin iyakar da Burkitt da kansa ya shata. Abin da ya fi kama da gaskiya shi ne taswirar tana nuna abu biyu a haɗe: inda cutar take, da kuma inda marasa lafiya ke isa gaban likita. A farkon shekarun 1960, uban da ɗansa ya wayi gari da kumburin kumatu a wani ƙauye na Doguwa zai fara cewa hangum ne, ko ciwon haƙori. In ya ƙi saɓewa sai a kai wa wanzami ya yi sakiya ko ya kafa ƙaho. In ido ya fara turowa waje, sai a ce abin ya wuce na asibiti, a koma wajen masu magani. Ciwon kuwa ba ya jira, domin ƙwayoyinsa sukan ninka yawansu cikin kwana ɗaya zuwa biyu, kuma ba a san wata sankara a jikin ɗan Adam da ta fi shi saurin girma ba. Yaron da aka yi wata biyu ana masa wannan zagaye ba zai taɓa shiga rajistar Asibitin Birni ba.

Da asibitocin koyarwa suka kafu a Arewa sai lissafi ya canza. An buɗe makarantar likitoci ta Jami'ar Ahmadu Bello a 1967, aka kuma kafa Asibitin Koyarwa na Aminu Kano a 1988. Rahotannin Zariya sun sha sanya sankarar Burkitt a sahun gaba cikin ciwon dajin yara. Wani nazari da aka buga a 2012 daga Kano ya sanya ta a matsayi na biyu, bayan sankarar ido, da kimanin yaro ɗaya cikin kowane biyar.

Sauro da ƙwayar bairos

Zafi da ruwa su ne sharuɗɗan rayuwar sauro, saboda haka tun farko aka zargi wani ƙwaro mai cizo. A watan Maris na 1961 wani masani mai suna Anthony Epstein ya halarci laccar da Burkitt ya yi a asibitin Middlesex a Landan, ya roƙe shi ya riƙa aiko masa da tsokar majinyata. A 1964 Epstein da Yvonne Barr da Bert Achong suka gano wata ƙwayar bairos a cikin tsokar, wadda ita ce ta farko da aka danganta da ciwon daji a jikin mutum. Nijeriya ma ta ba da nata kaso: ƙwayoyin da aka raina a Badun a 1963 daga jikin wani yaro ɗan shekara 11 har yau ana aiki da zuriyarsu a ɗakunan bincike na duniya. Sai dai an tarar wannan bairos tana jikin kusan kowane baligi a duniya, Bature da baƙar fata, kuma sauro ba ya ɗaukarta; ta yawu take yaɗuwa. Tilas ke nan akwai abokin tarayya, kuma zato ya faɗa kan zazzaɓin cizon sauro.

A nan Arewacin Nijeriya ya shigo labarin da ƙarfinsa. A 1972 Brian Greenwood da abokan aikinsa a Zariya suka nuna cewa yaron da ke fama da zazzaɓin cizon sauro, in an yi masa allurar rigakafi, jikinsa ba ya amsawa yadda ya kamata. Watau zazzaɓin yana raunana garkuwar jiki. A 1984 Hilton Whittle, wanda shi ma ya taɓa aiki a Zariya, ya nuna a ƙasar Gambiya cewa lokacin zazzaɓi jiki ya kan saki linzamin da yake riƙe wannan bairos da shi. Tsakanin 1969 da 1976 kuwa Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Nijeriya sun gudanar da babban bincike a gundumar Garki, wadda a lokacin take cikin Jihar Kano, yanzu kuwa Jigawa. An yi feshi, an raba magani gida-gida, zazzaɓin ya ragu ƙwarai, amma ba a iya katse shi ba, kuma da aka janye hannu ya dawo. Garki tana arewa maso gabas da Kano, ta kuma fi ƙasar Ba'awa bushewa nesa ba kusa ba. In haka sauro yake a can, mai karatu zai iya ƙiyasta yadda yake a bakin tafkin Tiga, wanda aka kammala dam ɗinsa a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo, ko a fadamun shinkafa na Tudun Wada.

A taƙaice, abin da masana suka tsaya a kai shi ne bairos tana shiga ƙwayoyin tsaro tun yaro yana goye, zazzaɓi mai maimaituwa yana tilasta musu hayayyafa, kuma cikin wannan gaggawa wata ƙwaya ta kan yi kuskuren da ke cire mata birki. Babu abinci a cikin wannan lissafi, sai ta ƙofa ɗaya da za a zo gare ta.

Magani ya samu, amma yana da haƙora

Abin da ya sa sunan wannan cuta ya zagaya duniya shi ne tana jin magani. A farkon shekarun 1960 aka gwada metotireksat da saiklofosfamaid a Kamfala da Nairobi da Badun, sai ga kumburin da ya karkatar da fuskar yaro yana narkewa cikin kwanaki, wani lokaci da allura ɗaya ko biyu. A Badun, Victor Anomah Ngu, likita ɗan asalin Kamaru, yana cikin waɗanda suka yi fice a wannan aiki, kuma a 1972 shi da Burkitt suna cikin waɗanda aka ba lambar yabo ta Lasker a Amurka. Yau a ƙasashe masu arziki kimanin yara 9 cikin 10 suna warkewa. A yawancin asibitocin Afirka kudu da Sahara kuwa adadin yana tsakanin 3 da 5 cikin 10. Cuta ɗaya ce, kuma tushen maganin a Afirka aka gano shi.

Domin a fahimci inda abinci ya shigo, sai an san yadda maganin ke aiki. Guba ce da ke kashe duk ƙwayar da ke saurin rabuwa. Ba ta bambanta ƙwayar sankara da ƙwayar ɓargo mai ƙera jini, ko fatar cikin baki da ta hanji. Bayan allura da kamar mako ɗaya fararen ƙwayoyin jini sukan faɗi warwas, baki ya yi gyambo, haɗiya ta gagara, gudawa ta biyo baya. A wannan tsakani ƙaramar cuta da lafiyayyen yaro zai kakkaɓe tana iya kashe majinyaci cikin dare ɗaya. Haka nan kuma ƙarin da ke narkewa yana zubar da dattinsa cikin jini, in ba a ɗura wa yaro isasshen ruwa ba ƙoda ta kan toshe. Jikin da ke da ajiya ya kan farfaɗo kafin zagaye na gaba. Wanda ba shi da ita kuwa, likita ya kan shiga tsaka mai wuya: in ya ba da cikakken magani ya kashe yaro, in ya rage ciwo ya dawo. Hausawa sun ce da ruwan ciki akan ja na rijiya, kuma da wuya a sami inda karin maganar ya zauna daram kamar ɗakin jinyar waɗannan yara.

Tambaya ɗaya, fuska biyu

Bayan Burkitt ya bar Yuganda a 1966 ya koma wa'azin abinci, yana cewa cututtukan hanjin Turawa sun samo asali ne daga cire dusa daga hatsi. Littafinsa na 1979 ya sayu ƙwarai, har wasu suka fi saninsa da dusa fiye da sankara. Matan da ke surfe su zuba wa awaki dusa suna da abin koyo a maganarsa, amma a kiyaye: batun hanji yake yi, bai taɓa cewa dusa tana maganin sankarar kaluluwa ba.

A Turai da Amurka, inda mafi yawan masu wannan ciwo manya ne kuma ƙosassu, tambayar ta kan zama wane abinci ya kamata majinyaci ya zaɓa. Wani nazari da aka buga a 2010 kan mata fiye da 500 a Jihar Connecticut ya sami cewa waɗanda suka saba cin ganye da lemo kafin ciwo sun ɗan fi daɗewa a raye. Wani kuma daga Jihar Nebraska a 2013 bai ga wannan bambanci ba. A 2010 likitocin asibitin Mayo sun ba da rahoton cewa masu ƙarancin bitamin D a jini sun fi saurin mutuwa a wasu nau'o'in cutar. Amma da aka yi gwaji na ƙa'ida a kan wani nau'i mai tafiyar hawainiya, aka ba wasu bitamin ɗin aka ba wasu ƙwayar banza, sakamakon da aka bayyana a 2023 bai nuna wani amfani ba. Dalilin wannan rikici a fili yake. Mai cin ganye da lemo sau da yawa shi ne mai hali, mai ilmi, wanda ba ya shan taba, kuma wanda ke zuwa asibiti da wuri. Da wuya a ware aikin ganyen daga aikin aljihun. Saboda haka duk mai tallan garin zogale ko wani jiƙo a tasha da sunan maganin daji, ba shi da madogara a cikin waɗannan nazarce-nazarce.

A Afirka tambayar ba ta zaɓi ba ce, ta samu ce, kuma amsarta ta fi fitowa sarari. A asibitin Sarauniya Elizabeth da ke Blantyre ta ƙasar Malawi, Trijn Israëls da Elizabeth Molyneux da abokan aikinsu sun auna yaran da aka kwantar da ciwon daji, suka buga a 2008 cewa fiye da rabinsu suna da tamowa tun ranar da suka iso. Sun kuma nuna cewa sikeli yana yaudara, domin nauyin ƙarin da ke cikin yaro yana shiga lissafi; awon kaurin damtse shi ke faɗin gaskiya. A 2009 suka nuna cewa cikin masu sankarar Burkitt, yaran da suka zo da tamowa su ne fararen ƙwayoyin jininsu suka fi faɗuwa ƙasa bayan magani. A arewa maso yammacin Kamaru kuwa, a asibitocin mishan na Baftis, Peter Hesseling da abokansa sun ƙara wa kowane yaro ƙwai ɗaya da kofin madarar tamowa da bitamin kowace rana a makonnin farko na magani, suka kuma ba da rahoton raguwar mace-mace a wannan mataki in aka gwada da na baya. Ba a canza allura ba. Ƙwai ne da madara.

Rumbu da gadon asibiti

In aka dawo da wannan darasi ƙasar Ba'awa, abu na farko da za a ce shi ne yankin ba matalaucin abinci ba ne. Nan ne rumbun Kano. Masarar Doguwa, shinkafar Tudun Wada, dawa da gyaɗa da waken suya na Ƙiru da Bebeji, ga rake, ga nonon Fulani. A manyan yunwoyin da aka yi, tun daga Kakalaba ta 1914 har zuwa farin 1973, kudu mutanen arewa suka riƙa kwararowa neman abin sawa a baka. Amma cikar rumbun gari ba ita ce ƙoshin yaro ba. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya sami fiye da rabin yaran Jihar Kano 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure. Da kaka manomi ya kan sayar da amfaninsa da araha ga 'yan kasuwar da ke lodi zuwa Dawanau, domin biyan bashin taki da hidimar aure; da marka kuma ya sayo hatsin nan da tsada. Tuwo ya kan cika ciki, amma miyar kuka ko ta kuɓewa da ɗan ƙullin daddawa ba ta ɗauke da abin gina tsoka mai yawa, kuma in an sa nama, ba a akushin yara yake sauka ba. Watannin da rumbu ke ƙarewa, watau Yuli zuwa Satumba, su ne kuma watannin da sauro ke cin kasuwarsa.

Ƙwan da aka ba yaran Kamaru yana tuno da wani camfi da har yanzu bai mutu ba a wasu gidaje, cewa yaron da ya saba cin ƙwai zai tashi ɓarawo. Abin takaicin shi ne da damina zabi ke yin ƙwai, daidai lokacin da yara suka fi bukata, amma sai a dafa a ɗora wa yaron a kai ya kai tasha ya sayar wa matafiya.

Gyaɗa kuwa tana da fuska biyu a wannan tarihi, kuma ita ce ƙofar da aka ambata a baya. Tun da jirgin ƙasa ya fara kwasarta daga Kano a 1912 ta zama kuɗin haraji da dalar da ake alfahari da ita, har zuwa lokacin da fari da cutar da ta afka mata a 1975 suka durƙusar da cinikin. A 1960 talo-talo kimanin 100,000 suka mutu a Ingila bayan sun ci tunkuzar gyaɗa da aka kawo daga Barazil, daga nan aka gano gubar afalatoksin, wadda wata irin fumfuna ke zubawa a gyaɗa da masarar da ba su bushe sosai ba. An tabbatar tana jawo sankarar hanta, an kuma danganta ta da tsumburewar yara. A 2015 masu bincike a birnin Liyon na Faransa sun nuna a ɗakin gwaji cewa gubar tana taimaka wa bairos ɗin Epstein da Barr wajen juya ƙwayoyin tsaro. Gwajin ɗakin bincike ne, bai kai hujja a kan mutum ba tukuna. Amma a yankin da ake girbin masara ruwa bai gama ɗaukewa ba, ana shanya ta a ƙasa, kuma ana ware ƙwaya mai kyau a kai kasuwa a bar ta biyu a yi ƙuli-ƙuli da kunun gida, magana ce da ta cancanci malaman gona su riƙe.

Ɗaya fuskar ita ce gyaɗar nan ce ta zama maganin tamowa. A 1996 wasu Faransawa biyu, André Briend da Michel Lescanne, suka haɗa gyaɗa da madarar gari da sukari da mai da bitamin suka yi wani kwaɓi da ba ya bukatar dafuwa ko ruwa. A yunwar 2005 a Jamhuriyar Nijar, wadda ta fi tsanani a yankin Maraɗi, ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar yara fiye da 60,000, mafi yawansu a gidajen iyayensu, da irin wannan kwaɓi. Likitocin Blantyre ma sun riƙa ba yaransu masu ciwon daji irinsa.

Sauran magana ita ce abincin mai jinya. Maganin sankarar Burkitt ba allura ɗaya ba ce. Zagaye ne bayan zagaye har tsawon makonni ko watanni. Daga Doguwa zuwa Kano tafiya ce ta fiye da kilomita 100, ko a nufi Zariya. Uwa za ta tare a gefen gado ta bar sauran yara, uba zai bar gona, kuma kowace rana sai sun sayi abin da za su ci a birni da kuɗin birni, bayan kuɗin magani da na gwaji da na jini. Akan fara da sayar da akuya, sa'an nan buhun da aka ajiye don damina, daga nan a jinginar da gona. To, da yake ciwon yana saurin jin magani, bayan zagaye na biyu fuskar yaro ta kan koma daidai, sai uba ya dubi ɗansa ya dubi aljihunsa ya ce Alhamdu lillahi, a koma gida. Bayan 'yan watanni ciwon ya kan dawo, kuma a karo na biyu ba ya jin magani kamar da. Likitocin Kalaba sun buga nazari a kan wannan matsala a 2005, inda suka nuna rashin kuɗi ya hana yara da dama farawa ko kammala magani. Ana rubuta irin wannan a fayil da cewa iyaye sun gudu da majinyaci. Kalmar ta yi tsauri ga mutumin da ya zaɓi tsakanin yaro ɗaya da ke gado da yara shida da ke jiran tuwo.

A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da shirin da ke neman a kai ga ceton yara 6 cikin 10 masu ciwon daji kafin 2030, ta kuma sanya sankarar Burkitt cikin cututtuka shida da za a fara da su, saboda ana iya warkar da ita da magunguna masu sauƙin kuɗi. Wani ɓangare na aikin ya riga ya kankama ta wata hanya, domin tun bayan shawarar da hukumar ta bayar a 2012 ana bi gida-gida da damina ana ba ƙananan yara maganin rigakafin zazzaɓi a jihohin Arewa, har da Kano. Akwai kuma shirin jinyar tamowa a cikin al'umma, wanda aka fara a Nijeriya a 2009, inda ake auna damtsen yaro da tsiri mai launi uku, in ya gaza santimita 11.5 a ba uwarsa ƙunshin kwaɓin gyaɗa. Sai dai ma'aikatan da ke tsara kasafi ya kamata su lura da wani giɓi. An gina wannan shiri ne domin yara daga wata 6 zuwa wata 59. Sankarar Burkitt kuwa ta fi kama yara tsakanin shekara 5 da 9, maza fiye da mata. Yaron Riruwai ɗan shekara 7 da aka kwantar a Kano, damtsensa kamar sillen kara, ya girme wa rajistar masu rabon gyaɗa, kuma takardar da likitansa zai rubuta ta kantin magani ce kawai.